Hannun Hagu a Filin Alhaji Garba

Duk shekara idan sanyi ya ja baya aka fara yanke ciyawar filayen wasa a Greensboro, nan Amurka, sai yaranmu su tare ni bayan sallar Juma'a su ce in shigar da su alƙalancin sofbol, wasan nan na ƙwallo da sanda. In na tambayi dalili, amsar ba ta canzawa: "Uncle Haruna, ai it's easy, tsayuwa ce kawai." Bara wani ya ƙara da cewa ya taɓa ganina a filin makarantarsu ina share faranti da ɗan buroshi, kuma a ganinsa ko ƙanwarsa za ta iya. Na ji haushi ranar, ba zan ɓoye ba. Amma da na koma gida sai na ga ba laifinsa ba ne, iyakar abin da ake hangowa daga benci ke nan. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan. Wanda ya karanta har ƙarshe bai fasa ba, ya zo in ara masa kayan aiki.

Bari in fara da waɗanda ba su taɓa kallon wasan ba, don na san wasu iyayenku za su karɓi takardar su karanta. Ƙungiya ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaro. Mai jifa ta jefo ƙwallo, mai bugu ta make shi da sanda ta ruga a guje. Akwai matsaya uku a fili da ake kira bes, na ɗaya da na biyu da na uku, daga nan a dawo inda aka tashi, wato gida, inda aka kafa wani farin faranti a ƙasa. Wadda ta zagayo ta taka farantin ta ciwo wa ƙungiyarta maki. Masu tsaro kuwa so suke su cafe ƙwallon su taɓa mai gudu da shi kafin ta isa bes, in sun riga ta, ta fita. Alƙali ne ke cewa ta isa ko ba ta isa ba, kuma duk wadda ya faɗa rabin mutanen wurin sun tsane shi.

Ni da busa usur na fara, a Zariya, ƙwallon ƙafa na unguwa da unguwa. Da na zo ƙasar nan Alhaji Garba ne ya sauke ni. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi, ya ba ni ɗaki a gidansa na McLeansville, ya samo min aiki a wani sito da ke kan titin Wendover, inda har yau nake tuƙa foklif, motar ɗaga kaya. Bakatsine ne, gajere kakkaura, in yana dariya har da bugun cinya. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba, kuma ko bayan na yi aure na kama gidana, ba na yanke wata shawara sai na je na durƙusa a falonsa. Ku riƙe sunansa, za mu dawo kansa.

A siton nan na haɗu da Mis Darlene, wata dattijuwar Baturiya 'yar Pleasant Garden da ke ofishin lodi. Wata rana direbobi biyu suka kaure da faɗa a kan wa ya riga wani shiga layi, na shiga tsakani na raba su. Ta leƙo ta taga ta kira ni, ta ce ina da irin fuskar da mutane ba sa jin daɗin yi mata gardama, ko ina da abin yi ranar Asabar? Ashe ta daɗe tana alƙalancin sofbol na 'yan mata, tun kafin in san akwai wasa mai wannan suna. Na ce mata ni alƙalin ƙwallon ƙafa ne. Ta ce ba komai, za ta wanke min shi daga kai.

Wasan farko da ta tsayar da ni a bayan faranti na ƙananan yara ne, waɗanda hular kwanon ma ta fi kansu girma. Na ga ai waɗannan ba sa buƙatar in ɗaure kaina kamar mai shiga yaƙi, na bar ɗaurin abin kare ƙirji a sake. Wata mitsitsiyar yarinya ta kai bugu, ƙwallon ya goge sandar ya zo ya same ni a ƙashin wuya. Sunan wasan ƙwallo mai taushi, amma duk wanda ya raɗa masa sunan bai taɓa tsayawa a inda nake tsayawa ba. Mis Darlene ba ta ce min sannu ba. Da aka tashi sai ta baje kayan a bayan motarta ta sa na sake ɗaura su ɗaya bayan ɗaya: ƙarfen kare fuska, abin kare ƙirji, na ƙwauri, da takalmi mai ƙarfe a baki. Ta damƙa min ɗan abin ƙirgen jifa a tafin hannun hagu, ta ce a nan zai zauna har in mutu, domin hannun dama na fitar da mutane ne. Buroshin da kuke rainawa ma yana da ladabinsa. Idan za ka share faranti, sai ka zagayo ka fuskanci 'yan kallo sannan ka duƙa, ba a juya wa iyayen yara baya a duƙa.

Iyayen nan su ne masu cinikinmu, ko da yake ba su suke ɗaukar mu aiki ba. Suna zuwa da kujerun naɗewa da akwatin ƙanƙara, su jeru a bayan shingen waya, kowanne ya tabbata 'yarsa ba ta taɓa kuskure ba tun da aka haife ta. An kwaikwayi Turancina a gabana. An tambaye ni ko a ƙasarmu akwai likitan ido. Wata uwa ta bi ni har mota tana nuna min hoton bidiyo a wayarta, na kalla da kyau, na ga ni ke da gaskiya, na ce mata Allah ya kiyaye hanya. Duk wannan ba ya hana ni barci. Wanda zai zage ka bai san ka ba, gobe ma ba zai gane ka a kanti ba in ka cire ƙarfen fuska.

Dokar da ta fi ba ni wahala ita ce ta tare hanya, wadda a fili muke kira obstruction. Mis Darlene ba ta koya min ita daga littafi ba. Wata Asabar ta aike ni in ɗauko alli a rumbun kayan fili, da na juyo sai na tarar ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu. Na rage tafiya, na karkace na raɓa ta gefenta na wuce. Ta ce, "Na taɓa ka?" Na ce a'a. Ta ce, "Na ɓata maka lokaci?" Na ce ƙwarai. Ta ce, "To ka gama karatun."

Abin da dokar ta ce ke nan. Hanyar da ke tsakanin bes da bes ta mai gudu ce. Mai tsaro ba ta da ikon tsayawa a kanta sai in ƙwallon yana hannunta, ko tana ƙoƙarin kama wanda aka bugo yanzun nan. In ba haka ba, ta tsaya har ta sa mai gudu ta rage sauri, ko ta kauce, ko ta yi jinkiri, to ta tare hanya, ko da rigarsu ba ta gogi juna ba. Haka in ta yi kamar za ta taɓa mai gudu alhali hannunta wayam. A ƙwallon ƙafa da na saba, kana ganin laifi za ka busa, kowa ya tsaya. A nan ba haka ba ne. Za ka miƙa hannun hagu gefe a dunƙule, ka faɗi kalmar yadda na kusa za su ji, ka bar wasa ya ci gaba. Idan yarinyar ta isa inda za ta, shi ke nan, ka sauke hannunka. Idan an taɓa ta kafin ta isa, sai ka tsayar da wasa ka ba ta bes ɗin da kake ganin da ta kai in da ba a tare ta ba. In kuma ta yi zari ta zarce inda ka kare ta, wannan ruwanta. Wato ana so ka yanke hukunci a kan abin da bai faru ba, a gaban mutanen da suka ga abin da ya faru da idonsu.

Na tuna wani wasa na 'yan sakandare da rana tsaka, zafi kamar a gasa mutum. Mai tsaron tsakanin bes na biyu da na uku ta tsaya tana hangen ƙwallon da ya tafi can ƙarshen fili, ba ta ma san tana kan hanya ba. Mai gudu ta zo ta kauce mata ta zagaya ta wuce, aka taɓa ta dab da bes na uku. Na riga na miƙa hannu, don haka na ce ta zauna a bes ɗin. Kocin ɗaya ɓangaren ya taso jijiyar wuya a waje yana cewa ko taɓa ta ba a yi ba. Na ce masa gaskiyarsa, ba a taɓa ta ba, shi ya sa ma babu wadda aka kwasa zuwa asibiti. Ya koma yana gunaguni. Irin wannan na yi shi ba adadi, har hannuna ya saba, yana tashi da kansa kafin in gama tunani.

Yanzu mu koma kan Alhaji Garba. Bayan gidansa akwai wani fili mai faɗi da ya haɗa da gidan ya saya, ba ya komai da shi sai 'yar gonar yakuwa da kuɓewa a gefe. Autarsa Fa'iza ce ta fara wasa a ƙungiyar makarantarsu, kuma yarinyar akwai gudu. Don ya faranta mata ya yanke ciyawar filin, aka yayyanka tsohon kafet aka yi bes, aka fara haɗuwa duk Asabar bayan la'asar, iyaye ɓangare ɗaya, yara ɓangare ɗaya. Abu kamar wasa ya zama al'ada. Mutanenmu na masallaci suna zuwa, 'yan Jos da 'yan kudancin Kaduna na coci suna zuwa, Hajiya matar Alhaji ta soya masa, wasu su kawo zoɓo. Yaran da ko gaisuwa sai an matsa musu suke yi da Hausa, a filin nan sai ka ji suna ihu, "Gudu, gudu, kar ka tsaya!" Ban san wani wuri a garin nan da yaranmu da iyayensu suke dariyar abu ɗaya ba in ba can ba. Ni kuma da yake sana'ata ce, ni ne alƙali.

Alhaji ya zaɓi tsaron bes na ɗaya saboda ba a yawan gudu a wurin. Matsalar ita ce yadda yake tsaronsa. Yakan taka kafet ɗin da ƙafa biyu ya kafe, ko ƙwallon yana kusa ko yana can cikin kuɓewa. A wurinsa an ba shi wuri ya tsare, kuma ya tsare. Wanda ya buga ƙwallo mai nisa yana so ya taka bes na ɗaya ya wuce na biyu ba tsayawa, sai ya tarar da Alhaji a kai. Da yaran Turawa ne da sun bangaje shi ko su yi masa tsawa ya matsa. Namu ba za su iya ba. Duk rashin jin Hausarsu, an dai koya musu ba a ratsa babba. Sai ka ga saurayi ya taho kamar iska, yana zuwa kusa da Alhaji ya taka birki, ya ɗan rusuna, ya miƙa ƙafa ya taɓi gefen kafet, ya zagaya. Kafin ya kai na biyu ƙwallon ya riga shi. Iyaye su yi ta shewa, Alhaji ya bugi cinya ya ce yaran Amurka ba su da ƙashi, madara ta yi musu yawa.

Ni kuwa ina gani, hannuna yana motsi ina danne shi. Na ce a raina wasan gida ne. Yaran da farko dariya suke yi, amma suna girma suna shiga ƙungiyoyin makaranta, suna sanin doka, dariyar tana raguwa. Ba su taɓa cin iyayen ba ko sau ɗaya, kuma sun san dalili. Wasu suka fara ɗauke ƙafa, wannan ya ce yana da aikin makaranta, wancan ya ce an sa shi aiki ranar Asabar.

Wata rana ina loda kaya a mota Fa'iza ta zo ta tsaya a gefena. Ta ce, "Uncle, ina da question." Na ce ina ji. Ta ce, "A school game ɗinmu ka kira obstruction a kan friend ɗina, har ta yi kuka. Baba yana yin worse than that every Saturday. Rule ɗin bai shafe shi ba ne?" Na ce, "Fa'iza, mahaifinki ne fa." Ta ce, "Na sani, shi ya sa ni ba zan iya faɗa masa ba. Amma kai ne umpire. Su Abba, friends ɗinmu, sun ce in haka za a ci gaba, they're done." Ba ta ɗaga murya ba, idonta a ƙasa ta yi maganar.

Mis Darlene ta koya min cewa alƙalin kirki yana kashe rigima kafin ta tashi. In ka ga mai tsaro tana yawan tsayawa a hanya, sai ka raɗa mata tsakanin zagaye, lokacin da masu bugu ke komawa tsaro, ko ka gaya wa kocinta. Don haka Asabar ta gaba na sami Alhaji kafin a fara. To amma yaya zan buɗe baki in ce wa mutumin da ya ba ni ɗaki da katifa, a bayan gidansa, wurin da kake tsayawa ba daidai ba ne? Sai na bi ta hanyar da aka koya mana bi da manya. Na ce, "Alhaji, yaran nan gudu suke ba sa duba gabansu, ina tsoron kada wani ya buge maka gwiwa. Da ka riƙa ɗan ja baya daga kafet ɗin in ƙwallo ya yi nisa." Ya yi dariya ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Haruna. Gwiwata ƙalau take. Wanda ya buge ni shi zai faɗi." Na sake gwadawa wani makon, na ce masa ƙwararru a talabijin gefe suke tsayawa. Ya ce ai su biyansu ake yi. Ya ɗauka kulawa ce nake yi da lafiyarsa, ya ji daɗi har ya ba Hajiya labari. Da Mis Darlene ce, da kalma uku ta gama maganar. Ni harshena bai iya ba, kuma shi kunnensa bai saba jin gyara daga na ƙasa da shi ba, balle ya gane shi a cikin zagaye-zagaye.

Ranar da abin ya faru wasan ƙarshe ne na shekarar, ganyen itatuwa ya fara ja, mutane sun cika fiye da kullum. Yara suna biye da iyaye da maki ɗaya, zagayen ƙarshe, saura mutum ɗaya ya fita wasa ya ƙare. Fa'iza ta shigo bugu. Ta make ƙwallon ya haye kan masu tsaro ya nufi gonar yakuwa. Ta taho bes na ɗaya, Alhaji yana kai ya kafe kamar kullum, hannunsa babu komai. Ta rage gudu, ta rusuna wa mahaifinta, ta taɓi gefen kafet, ta zagaya ta bayansa.

Hannuna na hagu ya miƙe. Na ji bakina ya ce, "Obstruction." Ban yi ihu ba, amma Alhaji yana kusa, ya ji. Aka jefo ƙwallon bes na biyu, aka taɓa Fa'iza saura ƙiris ta isa. Iyaye suka fara murna. Na ɗaga hannu biyu na tsayar da wasa, na ce ba ta fita ba, an tare mata hanya a bes na ɗaya, ta zauna a na biyu.

Murnar ta yanke. Alhaji ya juyo ya ce, "Haruna, me ka ce?"

Na cire ƙarfen fuska na ce, "Alhaji, an tare mata hanya."

Ya ce, "Wa ya tare?"

Na buɗe baki zan amsa, aka riga ni. Wani yaro daga benci, da bai san nauyin abin ba, ya ɗaga murya ya ce, "Kai ne, Baba! Finally!" Yaran suka kwashe da tafi da ihu. Ba da mugunta suka yi ba, abin da suka daɗe suna jira ne. Amma abin da Alhaji ya gani shi ne yara suna yi masa ihu a bayan gidansa, a gaban matarsa da baƙinsa, kuma yaron da ya ɗauko daga filin jirgi ne ya ba su baki.

Ya ce, "Ni na tare wa 'yata hanya? A filina?" Ya zare safar hannun ya ajiye a kan kafet a hankali. Ya ce, "To ga hanya nan, ku wuce." Ya nufi gida bai waiwayo ba. Fa'iza ta baro bes na biyu ta bi shi tana kiran Baba, Baba. Ba a ƙarasa wasan ba, har yau babu wanda ya san wa ya ci. Masar Hajiya ma a leda aka raba wa mutane.

Washegari na je na durƙusa a falonsa na ba shi haƙuri. Ya karɓe ni, ya sa aka kawo min shayi, ya ce ba komai, ai aikina na yi. Amma da zan tafi sai ya ce, "Sai an jima, alƙali." Daga ranar bai ƙara kirana Haruna ba. A masallaci alƙali, a wurin suna alƙali, da fara'arsa kuwa, ba wanda zai ce akwai wani abu. Ni kaɗai na san abin da aka ɗauke min.

Na ba Mis Darlene labari a wurin aiki. Ta ce hukuncina daidai ne, ita ba ta ga abin damuwa ba. Na ce mata na san daidai ne. Ko yau aka maimaita, hannun nan zai tashi, domin ba don an tare ta ba, da yarinyar ta isa bes na biyu ba tantama. Ku da kuke son aikin nan ku ji wannan da kyau: ana iya yin hukunci daidai a rasa abin da ya fi wasan daraja, kuma littafin doka ba shi da shafin da zai gaya muku yadda za ku dawo da shi.

Na sa rai idan sanyi ya wuce zan je da injin yankan ciyawata in gyara filin da kaina, in ya ga an share an shafa alli wataƙila zuciyarsa ta sauko. Sai shekarar annoba ta shigo. Aka rufe filaye, aka rufe makarantu, masallaci ma aka rufe. Kayan aikina suka yi shekara a bayan mota har fatar ƙarfen fuskar ta yi fumfuna. Alƙalai da yawa da na sani ba su dawo ba bayan an buɗe, Mis Darlene tana cikinsu, ta ce ƙafafunta sun gaji. Ziyara ta gagara, sai waya. Nakan kira Alhaji mu gaisa, ya tambayi iyali, ya ce, "Madalla, alƙali, a gaida gida." Maganar fili ba a yin ta a waya, na ce sai mun haɗu. Cikin wannan shekarar ciwo ya kama shi, aka kai shi asibiti inda ba a barin kowa ya shiga. Mutane ƙalilan aka bari suka raka shi makwancinsa, ina cikinsu, kowa ya rufe fuska, an tsaya nesa da juna. Na yi baƙin cikin da ban taɓa yin irinsa ba a ƙasar nan, kuma har yanzu bai gama sakina ba.

Bayan shekara biyu Hajiya ta yanke shawarar sayar da gidan ta koma kusa da babban ɗanta. Fa'iza, wadda a lokacin tana jami'a, ta kira ni ta ce suna so a yi wasa ɗaya kafin a miƙa makulli, ko zan zo? Na je da injina tun da safe. Ciyawa ta kai ƙugu, kuɓewar ta zama daji. A cikin yankan na tono tsofaffin kafet ɗin, sun ruɓe, muka yanka sababbi. Mutane sun zo, ba kamar da ba, amma sun zo. Yaran duk sun zama samari da 'yan mata, iyayen kuma gudu ya fara gagararsu, sai aka gauraya ƙungiyoyin.

Wani saurayi da ke wasa a makarantarsu ne ya tsare bes na ɗaya. Yaron ya san aikinsa, ƙwallo na yin nisa yake ja gefe ya bar hanya fetal. Fa'iza ta shigo bugu, ta make ƙwallon ya tafi can inda yakuwa take a da. Ta taho da gudun nan nata. Babu kowa a kan kafet ɗin. Tana zuwa dab da shi sai ta rage gudu, ta ɗan rusuna, ta taɓi gefensa da ƙafa, ta zagaya. Aka jefo ƙwallon aka taɓa ta kafin ta kai na biyu.

Ta miƙe tana kakkaɓe wando, ta juyo ta dube ni. Ina jin sai a lokacin ta gane abin da ƙafafunta suka yi. Hannuna na hagu yana gefena, abin ƙirge a ciki, babu wanda zan miƙa shi a kansa. Ta ce, "Uncle, babu obstruction?"

Na ce, "Babu kowa a hanya, Fa'iza."

Ta gyaɗa kai. Na ɗaga hannun dama na fitar da ita.